Yini Guda a Bakin Telwa: Nasiha ga Ɗaliban Agadas

Ƙannena ɗaliban Jami'ar Agadas, maza da mata, tun da aka kafa jami'arku a 2014, a shekara ɗaya da ta Dosso da ta Diffa da ta Tilaberi, matasa ke barin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai su hauro arewa neman digiri. Akasarinsu za su yi shekara uku a garin, wasu fiye, amma idan an tambaye su abin da suka sani na ƙasar Abzin ranar da za su ɗaure kaya, ba zai wuce hanyar aji da kasuwa da tashar mota ba. Albasar da suka ci a miya shekara uku ba su san lambun da ta fito ba. Wutar da suka yi karatun dare da ita ba su san ramin da aka haƙo gawayinta ba. Wannan asara ce, kuma asarar da ake iya kaucewa da abu mai sauƙi: yini guda, daga sallar asuba zuwa kafin magariba, a fita daga harabar makaranta a je wuri ɗaya da tambaya ɗaya a zuciya. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, irin wannan fita wani ɓangare ne na karatun da kuka zo yi, kuma wurin da ya fi cancanta ku fara da shi shi ne Dabaga.

Me ya sa Dabaga? Dalili na farko kusa ce. Garin yana arewa maso gabas da Agadas, tafiyar da ba ta wuce kilomita 50 ba, cikin gundumar Cirozerin, a kan hanyar da ke kutsawa cikin duwatsun Abzin ta nufi Timiya. Wanda ya tashi da sanyin safiya zai isa hantsi bai gama ɗagawa ba. Dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne ƙoramar Telwa, ko kori yadda mutanen nan ke faɗa. Ruwan saman da ake samu a Agadas a shekara bai cika kai milimita 200 ba, kuma kusan dukansa a Yuli da Agusta yake sauka. Da wannan kaɗai aka dogara, ko gero ba zai nuna ba. Amma ruwan da ya zuba a kan duwatsu ba ya da inda zai nitse, sai ya gangaro ya taru a kwari, Telwa ta kawo na 'yan sa'o'i ko 'yan kwanaki, sannan ta ɗauke. Mai kallo zai ce ruwan ya wuce. Bai wuce duka ba: wani kaso ya shige cikin rairayin da ke shimfiɗe a gadon ƙoramar da gefenta, ya kwanta a ƙasa inda rana ba ta kai masa. Daga wannan ajiya ne rijiyoyin lambu ke sha har shekara ta zagayo, kuma ita ce ke riƙe da goribar da ta yi layi a bakin kori. Wanda ya karanta darasin ruwan ƙarƙashin ƙasa a takarda ya zana shi a allo, a Dabaga zai leƙa rijiya ya ga fuskarsa a cikinsa.

Ku tsaya a bakin rijiyar lambu ku lura da kyau, domin akwai aikin injiniya a wurin tun kafin a san kalmar. Abzinawa na da hanyar ɗaga ruwa da suke kira tekarkart. Ana kafa itatuwa a kan bakin rijiya, a ɗora abin jan igiya mai juyawa a sama, a rataya babban guga mai dogon baki kamar hannun riga. Igiya biyu ce: ɗaya tana riƙe da jikin gugan, ɗaya tana riƙe da bakin nan a naɗe sama don kada ruwa ya tsiyaye a hanya. Sa ko raƙumi ne ke ja, yaro na biye da shi, yana tafiya yana dawowa a kan 'yar hanyar da ƙafarsa ta daddaɓe. Da gugan ya iso sama, sai igiyar ƙasa ta miƙar da bakin, ruwa ya kwarara cikin kututturen da aka fafe, ya bi magudana ya shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, mai lambu na buɗe wannan yana toshe wancan da fartanya. Ba a buƙatar kowa ya tsaya juye guga. Yau injin ban ruwa mai shan fetur ko gas, da mai aiki da hasken rana, sun karɓe yawancin aikin, kuma a nan tambayoyinku za su fara. Dabba tana gajiya, don haka ruwan da take ɗagawa a yini yana da iyaka. Inji ba ya gajiya sai mai ya ƙare. Shin ajiyar da Telwa ke zubawa kowace damina tana mayar da abin da injuna ke zuƙewa? Taku nawa rijiya ke ja da baya tsakanin kaka da bazara? Mai lambu ya san amsar da igiyarsa, domin shi ne ke ƙara mata tsawo. Ɗalibin da ya zo da ma'auni da littafi, ya dawo bayan wata uku ya sake aunawa, ya riga ya kama bakin zaren binciken kammala karatunsa.

Wanda hankalinsa ya fi karkata ga lissafin kasuwa ma ba zai koma hannu rabbana ba. Lambunan Abzin, daga Dabaga har Tabelot da gindin dutsen Bagzan, suna fitar da albasa da dankalin turawa da tafarnuwa da tumatir da alkama da masara. Albasar nan tana da wata dabara ta lokaci: ana nomanta da damina, ta shigo kasuwa a ƙarshen shekara, daidai lokacin da ta Galmi da sauran ƙasar kudu, wadda ake cirewa da rani, ta yi ƙaranci. Shi ya sa manyan motoci ke ɗaukarta daga Agadas zuwa kudu har ƙasashen bakin teku. Ku zauna da mai lambu ku bi buhu guda daga fangali zuwa mota: nawa aka kashe a iri da mai da taki, nawa aka biya masu cira, nawa kuɗin buhun kansa, nawa dillali ya ɗauka, nawa ya rage wa wanda ya yi wata huɗu yana ban ruwa. Idan kuka haɗa wannan lissafi da hannunku, za ku fahimci abin da ya sa wani matashi ke jingine fartanya ya tafi haƙar zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014, da abin da ya sa wani ya zauna. Babu darasin tattalin arziki da zai shiga kai kamar wannan.

Akwai kuma dalilin da ya shafi rayuwarku kai tsaye. Telwar da ke shayar da Dabaga ita ce ke gangarowa ta Azel ta iso gefen Agadas. A farkon Satumban 2009 ta kawo da ƙarfin da ya fasa madatsar da ke kare garin, ruwa ya shiga unguwanni cikin dare, gidajen ƙasa masu yawa suka rushe, dubban mutane suka wayi gari babu matsuguni. Wanda bai taɓa ganin saman ƙoramar ba zai ɗauki wannan a matsayin tsautsayi kurum. Wanda ya bi ta ya ga faɗin gadonta, ya ga inda ta ci gaɓa ta tafi da rabin lambu, ya ga tsiraran duwatsun da ba su riƙe ko ɗigo, zai gane cewa ambaliyar gari daga sama take farawa, kuma maganinta ma can yake. A cikinku akwai waɗanda gobe za a ba su aikin tsara unguwa ko gina gada ko haƙa rijiyar burtsatse. Gara su san ƙoramar da ƙafarsu tun yanzu.

Bayan Dabaga, wurin da ya fi kusa shi ne wanda kuka fi rainawa: tsohon garin Agadas kansa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Wannan ba ya cin ko dala. Ku tsaya a gindin hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844, ku tambayi kanku yadda ginin ƙasa zalla ya kai wannan tsawo bai zube ba. Ku dubi yadda take tsukewa tana hawa, gindi faffaɗa kai siriri, ku dubi itatuwan da suka huda jikinta suka leƙo waje: su ne ke ɗaure ginin, su ne kuma matakalar magina idan lokacin yaɓe ya yi. Kusa da nan fadar Sarkin Abzin take, sarautar da ta kahu tun ƙarni na 15. A lungunan unguwannin nan ne Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1850, kuma har yau ana nuna gidan. A nan ne jagoran mayaƙan Abzinawa Kawsan, da goyon bayan Sarki Tagama, ya yi wa sojan Faransa ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris ɗin 1917. Ku shiga rumfar maƙeran azurfa ku ga yadda ake siffanta kayan ado da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba azurfa a gurbinsa. Ɗan Gobir kuwa da ke cikinku ya tuna cewa tarihin kakanninsa ya ce a Abzin suka zauna kafin su gangara kudu, don haka ba baƙon wuri ya zo ba.

Idan ƙafa ta saba, sai a faɗaɗa. Ɗaliban ma'adinai da makamashi, waɗanda don su aka fi kafa wannan jami'a, bai kamata su gama ba tare da sun ga Anu Araren kusa da Cirozerin ba, inda kamfanin SONICHAR, da aka kafa a 1975, ke haƙar gawayin ƙasa yana ƙona shi ya ba da lantarki ga mahaƙar yuraniyom ta Arlit da garin Agadas. Wurin aiki ne, ba a faɗa masa kai tsaye. Sai da takardar neman izini ta hannun malamanku. Akwai Tafadek mai maɓuɓɓugar ruwan zafi, inda jama'a ke zuwa wanka don neman sauƙin ciwon gaɓoɓi, kuma tambayar abin da ke dafa ruwan a ƙarƙashin ƙasa ta ishi ɗalibin ilimin duwatsu aikin yini. Akwai Dabus a gefen hanyar Arlit, tafiyar sama da kilomita 100, inda aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5, da zanen fatarsa dalla-dalla, da wani layi da ya sauko daga bakinsa zuwa ɗan ƙaramin mutum a ƙasa. Masana na ba sassaƙar shekara 6,000 ko fiye. Raƙumin dawa ba ya rayuwa inda babu itace da ruwa, saboda haka dutsen nan shaida ne cewa wannan busasshiyar ƙasa ta taɓa zama daji. Ingal ma, da dabinonta da taron makiyaya na shan gishiri da ake yi a watan Satumba, mai sammako zai iya zuwa ya dawo. Timiya da saman Bagzan kuwa kada ku yaudari kanku, ba tafiyar yini ba ce. Ku bar su sai hutu, da shiri na daban.

Na san abin da za ku fara cewa: babu kuɗi. Gaskiya ne, ɗalibin da ke jiran burs yana lissafin abincin gobe ba za a yi masa maganar yawon buɗe ido ba. Amma ku bambanta tafiyar baƙon da ke hayar mota mai taya huɗu da jagora da mai dafa abinci, da tafiyar ɗan ƙasa. Mutanen Dabaga kullum suna shigowa Agadas da kayan lambu suna komawa, kuma motar da ta kawo su ita za ta kai ku a kuɗin da su ma suke biya. Mutum goma da suka yi karo-karo na wata guda sun fi ƙarfin kuɗin mota. Guzuri kuwa ba ya wuce burodi da dabino da ƙuli-ƙuli da jarkar ruwa. Ku kwatanta da abin da kowannenku ke zubawa a katin waya cikin mako biyu. Wanda ko wannan ya gagare shi, tsohon gari da kasuwar raƙuma da bakin Telwa ta wajen Azel suna nan, ƙafa ko kabu-kabu ke kai mutum.

Magana ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba: tsaro. Wannan yanki ya ga tawaye daga 1990 har zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, ya sake ganin wani daga 2007 zuwa 2009, lokacin da aka binne nakiyoyi a wasu hanyoyi, kuma har yau ana jin labarin 'yan fashi a hanyoyin daji. Iyayen da suka ce wa ɗansu kada ya fita gari ba su yi laifi ba. Amma tsoro ba ya bambanta hanya da hanya, hankali ne ke yin haka. Hanyar da masu lambu da 'yan kasuwa ke bi safe da yamma daban take da hanyar da ba kowa a kanta. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ku sanar da hukumar jami'a, ku karɓi takarda. Ku tambayi jandarma halin da hanya ke ciki a makon da za ku tafi, ba labarin bara ba. Ku riƙe katin ɗan ƙasa da na ɗalibi saboda shingayen bincike. Ku tafi da ɗan yankin, ku bi sawun da motoci ke bi, kada ku ratse. Ku juyo tun la'asar. In an ce kada a je, to kada ku je; wurin ba zai gudu ba. Ku kuma sani cewa haɗarin da ya fi kusa da ku ba bindiga ba ne, rana ce da ruwa. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi na haura digiri 40, ƙishirwa na kayar da ƙato. Da damina kuwa ruwa na iya sauka a kan duwatsu can nesa, sama garau a kanku, sai kori ya taho kamar bango. Kada ku zauna cin abinci a gadon ƙorama, kada direba ya ce zai gwada tsallakawa tana gudu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Wani zai ce lokaci ne babu, jarrabawa na tafe, kuma duk abin nan yana cikin waya. Game da lokaci, Asabar ɗaya a wata biyu nake magana, wadda in ba a fita ba, sau da yawa a fada da tukunyar shayi take ƙarewa. Game da waya, ku gwada da kanku: ku nemi zurfin rijiyoyin Dabaga a bana, ko sunayen irin albasar da ake shukawa can da harshen Tamajak, ko yadda ake raba gādon lambu tsakanin 'yan'uwa. Za ku tarar da hotunan rairayi da raƙuma, da 'yan rahotannin Faransanci da suka kwana biyu, sannan shiru. Intanet tana mayar da abin da wani ya riga ya je ya gani ya rubuta. Abin da ba a rubuta ba yana bakin dattijon da ke zaune a inuwar goriba, kuma ba zai dawwama a can ba. Gani ya kori ji, balle inda jin ma babu shi.

Sai dai yadda aka je ya fi zuwan kansa muhimmanci. Lambu dukiyar mutum ce, ba filin wasa ba. Ku fara da gaida mai gari ko ofishin magajin gari, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku. Kada ku tsinki ko lemo ɗaya ba a ba ku ba, kada ku taka fangali, kada ku ɗaga waya a fuskar mace ko dattijo ba ku nemi izini ba. Idan an ɗora muku shayi ku zauna har kofi na uku, gaggawa a nan rashin ladabi ce. Ku ce Baba, ku ce Inna, ku koyi gaisuwar Tamajak ko da kalma biyu ce, ko da yake Hausa za ta kai ku ko'ina. Kada ku je da girman kan mai digiri: wanda ya yi shekara talatin yana fitar da abinci daga rairayi malaminku ne a ranar. Ku sayi abin da za ku iya daga hannunsu, ku kwashe ledojinku ku dawo da su. A Dabus kada wanda ya taka sassaƙar ko ya rubuta sunansa a dutse. 'Yan mata kuma kada a bar su a baya da sunan kariya. Su tafi a rukuni, da sanin iyaye ko malamai, domin akwai rabin ilimin ƙauye da namiji baƙo ba zai taɓa ji ba: masu saƙar tabarmar kaba da masu cukun akuya da 'yar'uwarsu mace za su saki jiki.

Ku duba wani abu da ya kamata ya dame ku. Barth ne ya zo daga Jamus ya rubuta Agadas ta 1850 ga duniya. Bafaranshe Christian Dupuy ne ya sanar da masana labarin raƙuman dawan Dabus a 1987, alhali makiyaya sun daɗe suna wucewa ta gabansu. Ba'amurke Paul Sereno ne ya haƙo ƙasusuwan wata dabba ta zamanin da a yankin Ingal a 1997, ya sa mata suna Jobaria, daga sunan wata halitta a tatsuniyar Abzinawa. Babu laifi a kansu, sun yi tafiyar dubban kilomita sun yi aikinsu. Amma a lokacinsu babu jami'a a Agadas. Yanzu akwai, kuma ku ne a cikinta, tafiyar sa'a ɗaya ko biyu daga wuraren da wasu ke ƙetare teku don su gani. Saboda haka, ƙannena, kada ku jira ƙungiya ko tallafi. Ku haɗu ku takwas ko goma, ku zaɓi Asabar guda a cikin sanyin bana, ku sami malami ɗaya da ɗan Dabaga ɗaya, kowa ya rubuta tambayarsa a littafi tun daren Juma'a. Idan kun dawo, kowa ya rubuta shafi biyu na abin da ya gani da abin da aka gaya masa, da kwanan wata, ku ajiye wa 'yan bayanku. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.